Asenaca Tuivaga, Wadda Ta Raba Makullin Saƙonninmu

Ƙarfe shida da rabi take sauka daga bas a bakin kasuwar Savusavu, da lema a hammata da ƙunshin dafaffen rogo a jaka. Kafin jirgin ruwanmu na farko ya tashi zuwa tsibirin Taveuni, Asenaca Tuivaga ta buɗe ofis, ta ɗora ruwan shayi, ta kunna kwamfuta. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, ranar Juma'ar nan kuma za ta ajiye aiki.

Kamfaninmu ƙarami ne, jirage biyu da ma'aikata goma sha huɗu. A da adireshin imel ɗaya gare mu, yana cikin kwamfutarta, kalmar sirrin kuma tana kanta. Mai aika buhunan gwaza da mai neman kujera duk ta hannunta suke bi. Ko maigidanmu, Vijendra Lal, sai ya tsaya gaban teburinta yake sanin abin da ya shigo.

Sai mahaifiyarta ta rasu, ta tafi ƙauye kwana biyar. A rana ta biyu wata nas ta aiko saƙo daga wani tsibiri: maganin ciwon suga ya ƙare, akwai kwali a ajiye a gari, a taimaka a sa shi a jirgin Laraba. Jirgi ya je ya dawo, saƙo na kwance ba wanda ya gani. Wani dattijo mai ciwon suga a tsibirin ya faɗi a gonarsa, da ƙyar aka ceto ransa.

Ba wanda ya ga laifinta. Amma ranar da ta dawo ta karanta saƙon, ko shayinta ba ta sha ba ta shiga wurin maigida.

"Maigida, a cire saƙonnin nan daga hannuna. A sa mana saba guda, wato babbar na'urar ajiye saƙonni wadda kowa zai shiga, da kalanda ɗaya, da wurin da za mu riƙa magana tare."

"Haba Asenaca! Wa ya ce kin gaza?"

"Ban gaza ba. Amma ni ma mai mutuwa ce."

Wani ma'aikaci ya zo daga Suva, babban birnin ƙasa, ya haɗa na'urar cikin kwana biyu, aka sa masa furanni a wuya, ya koma. Sauran aikin, na wata uku, ita ta yi shi. Ta kwashe saƙonnin shekara goma sha ɗaya ta jera su tsibiri tsibiri. Ta buɗe wa kowa akwatinsa, ta ware guda na asibitoci da makarantu wanda ke yin ƙara a wayar mutum huɗu lokaci ɗaya.

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne Vilimoni, direban babban jirginmu, taubashinta.

"Ni teku na sani," in ji shi. "Yatsun nan na jan igiya ne, ba na shafa gilashi ba."

"Yatsun da ba sa kuskuren kwaryar yaqona, jiƙon nan da kuke sha wurin hira? Zauna nan, raggo. Mutanen garinku dama sai da tsawa."

Sati uku tana tare shi a bakin gaɓa da tsakar rana, yana gunaguni tana maimaitawa. Bara da kogi ya cika ya hana ta fitowa, wani shugaban makaranta ya rubuto cewa yara talatin na buƙatar komawa gida kafin guguwa ta iso. Vilimoni ne ya gani a wayarsa, ya amsa da kalma uku, ya juya jirgi.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba sai da na matsa mata shi ne yadda teburinta ya yi shiru bayan nan. "Da kowa sai ya biyo ta nan," ta ce. "Yanzu sai azahar ta yi ba wanda ya tambaye ni komai. Na yi kuka sau ɗaya a bayan ofis, sannan na ce, ai abin da na roƙa ke nan."

Ke ce, Asenaca, wadda aka ba makulli ta yanka wa kowa nasa. Da yawa cikinmu in mun san abu sai mu ɓoye, don a ci gaba da nemanmu. Ke kuwa kin zaɓi aiki ya tafi ko ba ki nan, kin kuwa san abin da hakan zai rage miki.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikokinki. Ku kuma da ke riƙe da wani abu ku kaɗai a wurin aikinku, ku koya wa na kusa da ku tun kuna da lafiya. Ranar Litinin za mu buɗe ofis ba tare da ita ba, kuma ba abin da zai tsaya. Wannan aikinta ne.