Rijiyar Buba

Ranar Talata ce, cikin bazara. Da asalatu na tashi na tatsi shanu. Inna tana dakan gero. Mijina Sambo yana ɗaure wa guga sabuwar igiya. Ɗiyata Hajo, wadda ba ta kai yaye ba, tana barci a bayana. Baffa, mahaifina, yana zaune bakin rijiya da tazbi, inda yake zama kullum.

Rijiyar kakana Buba ne ya gina ta, gabas da Dogon Dutsi. A nan aka haifi Baffa, a nan aka haife ni. Muna da rumbuna, muna da gona, muna da kusheyin kakanni ƙarƙashin gawo. Bisashe ne ke tafiya kiwo da damina su dawo. Mu ba mu taɓa zuwa ko'ina ba.

Amma muna da wata al'ada. A gidanmu ba a cewa ruwa na wane ne. Abin kunya ne, kuma yana jawo baki. To wata guda kafin wannan rana, kwamanda, Baturen Faransi mai mulkin ƙasar, ya biyo da tafintansa, yana neman inda za a kafa sansanin masu aikin hanya. Ya sha ruwanmu, ya ce da daɗi. Ya sa aka tambayi Baffa rijiyar wa ce.

"Ta Allah ta," in ji Baffa.

Aka tambaye shi ina ne gidansa. Ya ce mu duk baƙi ne a duniya, yau nan gobe can. Haka dattijon kirki ke amsawa, ko yaro ya san wannan. Tafinta ya juya maganar. Kwamanda ya dubi bukkokinmu, ya ce, "Nomad." Ina tsaye da ƙwaryar nonon da na kawo masa. Wallahi na zaci godiya yake yi.

Da hantsi ranar Talatar muka ji kofatan dawaki. Karnuka suka fara haushi. Sai ƙarar bindiga, karen Sambo ya yi shiru. 'Yan gardi ne, dogaran kwamanda, da jajayen huluna. Bayansu mutane ɗaure da igiya a wuya, waɗanda aka kamo don aikin dole.

"Ku tashi! Ale! Ku fita!"

Ba su yi sallama ba. Suka cinna wa bukkar Inna wuta, turmi na tsaye da gero a ciki. Suka fasa rumbuna suka zuba wa dawakinsu. Shanu suka tsinke, aka bi su aka tattara.

Baffa bai tashi ba. Babban 'yan gardin, wani mai tsage a kunci, ya ce kwamanda ya ce wurin nan ba shi da mai shi. Ya ce tsoho da bakinsa ya faɗa. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Baffa ya dafa bakin rijiya da hannu biyu, ya ɗaga murya.

"Tawa ta! Ubana ya gina ta!"

Dariya suka yi. Aka buga masa gindin bindiga a ƙeya. Ya faɗi, ya sake rarrafowa ya riƙe itacen bakin rijiya. Suka taka yatsunsa. Bai saki ba. Mai tsagen ya harbe shi nan inda yake.

Kafin azahar sun sa Sambo ya ja wa dawakinsu ruwa, Baffa na kwance gefen ƙafarsa. Da dawaki suka ƙoshi, suka sa masa igiya a wuya, suka haɗa shi da sauran. Igiyar gugarmu ce, sabuwar da ya ɗaura da safe. Ya dube ni. Ba su bar mu mun rufe Baffa ba.

Inna ta tsinci gugar da aka yar. Ita kaɗai muka fita da ita.

Muka yi kudu, ni da Inna da Hajo. Rairayi yana ƙona tafin ƙafa. Da la'asar muka kai wani ƙauye. Mutanen sun san mu, sun sha nononmu shekara da shekaru. Matan suka rufe rijiyarsu da ƙaya. An aiko musu cewa duk garin da ya sauke mu za a ƙone shi. Wata tsohuwa ta miƙo mana ludayi ɗaya ta bayan darni tana kuka. Ban zage su ba a lokacin, don ba ni da yawun zagi. Daga baya na zage su, na kuma daina.

Washegari muka kewaye Tibiri ta daji. Nonona ya ƙafe. Hajo ta yi ta tsotso tana kuka har rana ta take. Daga nan kukan ya koma kamar na ɗan akuya. Wajen la'asar ta yi nauyi a bayana. Na san abin da ya faru, amma ban kwance goyon ba sai magariba. Muka tona rami da ɓallen ƙwarya a gindin wata sabara. Mu da muke shayar da matafiya kyauta, ƙishirwa ce ta kashe mana ɗiya.

Muka tsallaka zuwa ƙasar Ingilishi, wajen Kangiwa. Aka tara mu da wasu masu gudu a ƙofar wani Bature. Tafintansa Bahaushe ne mai sanyin murya. Ya tambaye ni daga ina. Wannan karon ban yi wata kunya ba. Na ce Rijiyar Buba, tamu ce, da gona da rumbuna da kusheyi. Ya juya maganar. Baturen ya dubi kitsona, ya dubi gugar Inna, ya ce, "Nomad."

Na riƙe rigar tafinta, na ce sai ya gaya mini ma'anar wannan abu. Ya ce kalma ce ta Nasara, Faransi da Ingilishi duk suna faɗinta. Ana kiran mutanen da ba su da gari da ita, masu yawo da dabbobi, yau nan gobe can. Na ce to ai an kore mu ne. Ya sunkuyar da kai.

"Ƙanwata, a wurinsu wanda aka kira haka ba a korarsa. Tashi kawai ya yi."

Saboda haka ba a ba mu fili ba. Filin na waɗanda suka rasa gida ne. Mu aka ce mu ƙara gaba.

Mun ƙara gaba. Na yi dakau a gidajen mutane, na yi tallar itace. Tun daga ranar ban sake shekara biyu a gari ɗaya ba. Sambo bai dawo ba, ban kuma sami wanda ya gan shi ba. Ban san inda aka jefa Baffa ba. Na koma neman sabarar Hajo, na tarar dajin duk sabara ne.

Inna ta riƙe gugar har ta rasu. Ba ta sake ɗaura mata igiya ba.