Khairat da Matattun Mahaɗai

Khairat Jiya ta karanta ilimin kwamfuta a jami'ar da ke Gidan Kwano, amma aikin ofis bai samu ba, sai ta zauna a shagon buga takardu na yayanta a Dutsen Kura. A nan ne wata Talata Anti Magdalina, ungozoma a wani ƙaramin asibiti, ta shigo rungume da kwamfuta, idonta jawur.

"'Yata, bayanan masu cikin da nake dubawa duk sun ɓace," in ji ta. "Littafin manhajar ya ce in latsa nan in ga yadda ake dawo da su. Na latsa, wai babu shafin."

Manhajar ta kyauta ce, irin wadda kowa ke da damar kawo gyara a cikinta. Khairat ta yi awa uku tana bin sawun shafin, har ta gano tuni an sauya masa wuri, ba wanda ya gyara mahaɗin da ke kai mutum can. Bayanan suka dawo, Anti ta tafi tana sa albarka. Amma abin ya tsaya wa Khairat a rai. Ta bi littafin shafi-shafi, ta tarar da matattun mahaɗai ɗari da goma sha bakwai.

Sati biyu ta yi tana gyara su tsakanin hoton fasfo da buga takardun ɗalibai, sannan ta tura. Washegari ɗaya daga cikin masu kula da manhajar, can wata ƙasa, ya yi watsi da aikin. Ya rubuta mata cewa masu neman suna a ɓagas ne ke irin wannan, ta kawo aiki na gaske.

Ernest, abokin karatunta, ya karanta saƙon ya yi dariya. "Malama, wannan ai shara kike yi musu. Ki rabu da su."

"Sharar ce, na ji," ta ce. "Shi mai saƙon ya taɓa tsayawa gaban mai cikin wata takwas yana neman awon jininta ya rasa? Ba inda za ni."

Sai ta koma turawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da bayanin wanda zai wahala in aka bar shi haka. Mutumin ya ƙi na farko, ya ƙi har na tara. Ta tura na goma. Wannan karon wata abokiyar aikinsa mai suna Susan ce ta duba, ta karɓi gyare-gyaren gaba ɗaya, ta kuma roƙi Khairat ta riƙa kula da littafin.

Har yau tana shagon yayanta, kuma ba shafin da ke shiga littafin sai ta latsa kowane mahaɗi da hannunta. Mutumin bai taɓa ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Makon jiya ta mayar masa da wani shafi da ya rubuta, ta ce mahaɗai biyu ba sa aiki, ya gyara ya sake turowa.