Zoben Cikina da Muƙamuƙin Mijina

Amai ne ya fasa mini jijiyar ido. Wata safiya na ɗago daga bakin masai na dubi madubi, sai na ga farin idona na hagu ya yi jawur, jini kwance a ciki. Duk wanda ya gan ni zai rantse naushi aka kai mini. Kuma an rantse ɗin, tun daga Lyon, inda muke zaune a Faransa, har gida Maraɗi.

A gidanmu ƙiba ado ce. Mace ta yi aure ba ta ƙara ko ɗan kumatu ba, sai a fara kallon mijin da wutsiyar ido. Ni ban ma jira aure ba, tun ina makaranta nake cika kujera, Inna tana taƙama da ni a gidan biki. Amma ciwon suga ya kama ni ina da shekara talatin, ciwon da ya cinye wa Baba ƙafa kafin ya tafi da shi gaba ɗaya. Sai na je Paris aka sa mini zobe, wata roba da ake ɗaure bakin tumbi da ita don kada abinci ya shiga da yawa. Dangi na ce musu horon aiki na tafi. Ba zan iya jin Inna tana cewa na kai wa Nasara cikin da Allah ya halitta sun ɗaure ba.

Mutum ɗaya ya sani, mijina. Siriri ne, ma'aikacin ɗakin gwajin ruwan sha, irin mutanen nan da ke ba ƙofa haƙuri idan sun buge ta. Na ɗora masa Alƙur'ani a hannu na sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, ko da an sa masa wuƙa a wuya. Ni na zaɓi kalmomin nan da bakina, har ina jin daɗin yadda suka fito.

Shekara biyu lafiya lau, suga ya kwanta. A ta uku zoben ya zame daga inda aka ɗaure shi, cikina ya zama abokin gaba. Loma ɗaya sai ta tsaya mini a ƙirji kamar na haɗiye dutse, in durƙusa ina kakari har haƙarƙarina su yi tsami. Ruwan ciki mai ƙuna ya ci mini maƙogwaro, ya ci haƙora biyu. Gashina ya riƙa bin mataji. Likita a Lyon ya ce za a cire zoben, a bar tumbin ya huta wata uku, sannan a yi aiki na biyu, wanda suke kira baifas: a yanke ɗan aljihu daga tumbin a haɗa shi da hanji. Kafin nan ya hana ni duk abin da ake taunawa. Ya dubi mijina ya ce tsoka ɗaya ta nama tana iya kai ni ɗakin gaggawa.

To ni ce dai, ba na jin magana. A wani suna a unguwar Minguettes aka ba ni ƙullin soyayyen naman rago, muna jiran lif, na'urar hawa da sauka bene, na zare tsoka na kai baki. Mijina ya fizge ta daga hannuna, ya ƙwace ƙullin duka. Mata huɗu suna tsaye a bayanmu. Sun ga ƙashin wuyana a waje, sun ga jan ido, sun ga namiji ya ƙwace wa matarsa nama a bainar jama'a. Me kuma ya rage? Bayan kwana biyu Inna ta kira ni ta bidiyo daga Maraɗi, ta dube ni ta dube ni, ta ce in matso da fuskata. Sai ta kashe, ta kira Yaya.

Yaya shi ne babban wanmu, shi ya kawo ni Faransa, shi ya ɗaura mini aure. Gadi yake yi a wani babban kanti kusa da La Courneuve, can wajen Paris, kuma ba don kyan fuska aka ɗauke shi aikin ba. Ranar Asabar bayan azahar ya buga mana ƙofa a Rillieux, unguwarmu a gefen Lyon, ko jaka babu a hannunsa. Bai amsa gaisuwata ba. Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen taga, ya dubi idon. Ya wuce ya buɗe firji: kunu, madara, dafaffen karas da aka niƙa.

Ya juyo ga mijina ya ce, “Kai, mi ka yi wa ɗiyar mutane?”

“Yaya, ka zamna tukun, ka sha ruwa.”

“Ina tambaya tai shina ce mini ruwa! Wa ya bugi idon ga? Don mi ba ta cin abinci?”

Mijina ya dube ni. Sau ɗaya tak. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Ba ni iya hwaɗi, Yaya.”

Marin farko ya watsar da tabaran mijina ƙarƙashin tebur. Yaya ya ci kwalarsa ya maka shi da bango, agogo ya faɗo ya tarwatse. Ina tsaye a ƙofar kicin, tsakanina da su taku uku. Na san kalma ɗaya daga bakina za ta tsayar da komai. Na kuma san duk abin da Yaya ya ji, kafin la'asar Inna ta ji. Sai na yi ta ihu ina cewa ya bari, ya bari don Allah, ina faɗin komai ban da abin da ya kamata in faɗa.

Mijina bai ɗaga hannu ba, ko don kare fuskarsa. Naushi na biyu ya fasa masa leɓe, jini ya fantsama a labule. Yaya yana huci yana cewa, “Parle! Yi magana, munahiki!” Na uku ya same shi a gefen haɓa. Na ji ƙarar, wani ƙas kamar an karya busasshen kara. Ya zube ƙasa bakinsa a karkace.

A nan ne na sami bakina. Na yi tsalle na kama hannun Yaya, hannun da ya yi dukan, na danna shi a cikina, a wurin da ɗan ƙarfen da likita ke matse zoben ta cikinsa yake ƙarƙashin fata, mai tauri kamar marfin kwalba. Tun da na girma ko hannu ba mu taɓa haɗawa ba.

Na ce, “Taɓa ka ji! Opirasiyo anka yi mini, aikin likita, ni na kai kaina. Ni na sa shi rantsuwa da Alƙur'ani. Ni ya kamata ka buga!”

Yaya ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Ya dubi mutumin da ke kwance, ya zauna daɓas cikin fasassun gilasai, ya fashe da kuka. Shi ya goya mijina har mota.

Muƙamuƙi ya karye wuri biyu. A asibiti mijina ya karɓi takarda ya rubuta musu cewa daga matakala ya faɗo. Aka ɗaure masa haƙora da waya har sati shida. Kwana goma bayan nan aka cire mini zoben, sai muka koma mu biyu muna zuƙar kunu ɗaya daga injin niƙa ɗaya, ni da cokali, shi da tsinken roba. Inna kuwa, wadda saboda ita na yi duk wannan, da ta ji sai ta yi kuka ta ce, “Shi ke nan abin? In da kin hwaɗa mini ai addu'a zan yi miki.” Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An yi aiki na biyu lafiya. Yaya ya zo ya yini a barandar asibiti, ya kasa haɗa ido da kowa. Mijina ne ya kai masa shayi.

Sau ɗaya na tambaye shi, bayan an cire wayar. Na ce ai ko malamai sun san rantsuwa tana da kaffara, me ya hana shi magana? Ya ce, “Ai na dube ki. Jira nike ki sake ni daga rantsuwar.”

Yanzu abincina bai wuce cikin tafin hannu ba, kullum ni nake fara gamawa. Sai in zauna ina kallon farantina, shi yana ci a hankali ta gefe ɗaya. Duk taunar da zai yi, muƙamuƙin sai ya yi ƙas, kuma ina jin kowace ɗaya.