Yadda Mainasara Ya Shayar da Batir Rubutu

Da sunan Allah, wanda Ya hore wa bayinSa ruwa su ƙetare, Ya kuma ba su hankalin duba jirgi kafin su shiga. Bayan haka:

Mainasara ɗan masu fito ne na gulbin Rima. Ubansa, Allah Ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa da gorar tuƙi a hannu, kuma ba a taɓa jin wanda ya jiƙa ko gefen riga a jirginsa ba. Da anka gina madatsar ruwa ta Goronyo, ruwa ya yi faɗi, noman rani ya buɗe, manoman albasa sunka buƙaci mai ƙetarar musu da buhuna. Mainasara ya sayi tsohon jirgin katako ya ɗaura masa injin tuƙi. Ya gaji sana'ar ubansa, amma bai gaji natsuwarsa ba.

Jirgin nan yana yoyo ta haƙarƙari. Mai hankali zai janye shi tudu ya toshe da tsumma da kwalta, amma Mainasara ya ga wannan aikin ƙananan mutane ne. Sai ya aza janareta, ya haɗa shi da famfo mai kwashe ruwan da ke shiga, ya ƙara da lasifika domin kowa ya san ya wuce. Ko ƙoƙon kwasar ruwa ya jefar, wai yana zubar masa da girma.

Burinsa guda ne a duniya: a naɗa shi Sarkin Jirgi. Da mai sarautar ya rasu, masu nema biyu ne, shi da wani Mode mai ƙaramin jirgi. Hakimi ya ce wakilinsa, Alhaji Maccido, zai shiga jirgin kowa ya gani. Maccido kuwa ya taɓa kokawa cewa ƙarar janaretan Mainasara da hayaƙinsa ba su barin mutum ya ja tasbihi.

Sai Mainasara ya sayar da bijimin huɗarsa, ya ɗauko mai gyaran wuta daga Sakkwato. Anka cire janareta, anka shimfiɗa faifan sola bisa rumfar jirgi, anka ajiye manyan batura biyu, da wani akwati da ake kira inbata, mai juya ƙarfin batir ya zama wutar da famfo ke ci. Mai gyaran ya gargaɗe shi cewa kada a zuba wa batir komai sai ruwansa na kwalba.

A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Famfo yana aiki shiru, mutane suna zuwa kallo har daga Giyawa. Yawan kallon ne ya sa Mainasara tsoron baki. Ya tafi kasuwar Rara wurin wani mai rubutu wanda iliminsa bai wuce bakin allonsa ba, ya karɓo jarka cike da ruwan rubutu, anka ce ya shafa wa jirgi. Ana gobe zuwan wakili, matarsa Turai ta kai masa fura bakin ruwa, ta iske shi ya kwance murafan batir.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Shayar da su nika yi."

"Ba shahwawa anka ce maka ba?"

"Ke mi kinka sani? Ranar da kinka yi ciwon ciki, shahwa miki anka yi ko sha kinka yi? Abin da ad da baki, sha shika yi. Duba, kowane bakinai shidda."

"To, ruwan da ac ciki hwa?"

"Na tsiyaye. Wuri nika nema ma mai albarka."

Turai ta aje ƙwarya ta ce, "Allah shi kyauta. Ga shi jirgin ga kab ba kwalta ko cokali guda."

Malamai sun ce tawakkali ba ya kore riƙon sababi. Balle wannan, wanda ya ɗauki sunayen Allah ya tsoma cikin mazubin ruwan batir, guba mai cin tufa, yana zaton ibada ya yi.

Da safe, rana ba ta yi ƙarfi ba, Maccido ya shiga da farar riga da takalmi sau-ciki. Mainasara ya kunna lasifika, ya tuƙa yana waigen jirgin Mode da ke biye a nesa. Suna kaiwa tsakiyar ruwa inbata ta yi kuka kamar ɗan tsako, lasifika ta yanke, famfo ya tsaya. Ruwa ya ci gaba da aikin da ya saba.

Maccido ya ɗaga ƙafa ya ce, "Mainasara, wanga ruwa hwa?"

"Ranka shi daɗe, ɗan gumi na jirgi na."

"Gumi har idon sawu? Kawo ƙoƙo!"

Babu ƙoƙo. Dattijon nan, wakilin hakimi, ya tuɓe takalminsa ya shiga kwasar ruwa da shi yana salati, Mainasara kuwa yana durƙushe yana tofa wa batir addu'a. Ruwa ya kai ƙwauri, jirgi ya yi nauyin da injin tuƙi ya kasa turawa, kafin Mode ya iso. Ya kama hannun Maccido ya ƙetarar da shi, sannan ya dubi Mainasara ya ce, "Sannu da aiki, Sarki. A jawo ka, ko hwadawa za su zaka?"

Da igiya anka jawo shi gaci, jama'ar da ya gayyato tana tsaye tana kallo. Ranar Juma'a anka naɗa wa Mode rawani.

Yanzu jirgin yana kwance a tudu, awaki suna hutawa ƙarƙashin rumfarsa. Mainasara yana dakon buhuna zuwa jirgin Mode. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce bakin mutanen Goronyo ya fi ƙarfin jarka guda, da biyu ya karɓo da ba haka ba. Har yau bai sayi kwalta ba.

Allah Ya tsare mu da jahilcin da ke sanye da rigar addini. Shi ne Masani.