Goran Kawu Mahaman

"To, kai ma ka ji shi da kunnenka," in ji Kawu Mahaman. "Wai can ko cikin watan sanyi da 'yar shara suke kwana. Ɗan Azumi ke faɗa mini hakanga, mutumin da ni na koya mishi hawan gora."

Na ce na ji.

"Ka ga tumbin da ya aje? Ka ga agogon?"

Na ce duk na gani. Yana zaune gindin shingen lambuna, ya miƙe ƙafafu cikin hantsi, yana ɗinke ragarsa. Lambun nawa a bakin tafkin Madarumfa yake, shi ya sa kullum ya fito daga ruwa nan yake shanya kaya, ya sha rana har gwiwoyinsa su saki. Ƙanen mahaifiyata ne. Ni ina ban ruwan salati da kabeji, shi yana magana, ba ya kuma bukatar in ce komai da yawa.

Kawu masunci ne ɗan masunci. A shekarar da nake ba da labarinta, wadda darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, ya haura arba'in, iyakar tafiyarsa kuwa Katsina ce, can ɗin ma jana'iza ce ta kai shi. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Tafki ya sani, ya kuwa san shi: inda tarwaɗa ke kwanciya in ruwa ya ja baya, da inda karfasa ke taruwa gindin itatuwan da ruwa ya ci. Ba ya shiga kwalekwale. A kan gora yake su, irin na mutanen da: ƙaton gora ne mutum zai kifa ƙirjinsa a kai, ya yi ta tuƙi da hannu da ƙafa, abin da ya kama ya jefa ta bakin goran. Nasa gadon mahaifinsa ne. Ya yi baƙi don tsufa, gyartai ya ɗinke shi nan da can, gefen bakinsa kuma ya yi sulɓi inda ƙirjin uba da na ɗa suka goge shi.

Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, in ya yi kamu gidanmu ba ya rasa na miya. Sai dai yana da wani hali da duk masunta suka san shi da shi. In ya fito daga ruwa, sai ya leƙa goran wasu kafin ya juye nasa, in kuwa na wani ya fi, ranar tuwo ba ya yi masa daɗi. Matarsa, Inna Ɗelu, takan ce daga takunsa a zaure take gane abin da maƙwabcinsa ya kamo.

Ɗan Azumi abokin tasowarsa ne. Tare suka fara su, amma shi tsoron ruwa ya yi masa yawa, ya watsar ya koma yaron mota a Ɗan Issa. Daga nan ya zama direba, daga nan sai aka ji shi a Kwatano, bakin teku. Yanzu shi ke gaban ayarin motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa a koro su har Maradi. A wannan zuwan ya zo duba tsohuwarsa ne, da farar mota, ya kuma zo wa Kawu da magana: yana neman amintaccen mutum da zai tsare masa filin da ake tara motoci kafin a taso da su. Ɗaki akwai, in mutum ya zauna iyali su bi shi.

Abin da ya fi ci wa Kawu rai shi ne Ɗan Azumi ba ya fankama. Ya kawo wa Inna Ɗelu turmin atamfa, ya kawo wa Kawu man zafi na gwiwa, ya zauna kan tabarma ɗaya da shi suka ci tuwon gero da miyar kuka. Kawu ya ce mini da ya nuna girman kai da ya samu abin faɗi, amma mutum ya fi ka, ya kuma fi ka hali, ina za ka sa kanka.

Kwanaki ya yi yana juya maganar a gindin shingena. Yau ya ce zai tafi, don likita a Maradi ya daɗe da gaya masa ruwan sanyi ne ke cin gwiwoyinsa, in bai bari ba wata rana da sanda zai yi tafiya. Gobe ya ce wane irin gari ne wannan da ba a samun fura sai garin rogo. Ya tambayi Ɗan Azumi ko ana hawa gora a teku, shi kuwa ya yi dariya har da hawaye, ya ce igiyar ruwa ɗaya za ta farfasa shi, can manyan jirage masu inji ake shiga. Wannan dariyar Kawu ya maimaita mini ita ya fi a ƙirga. Inna Ɗelu ita ba ta ce a tafi ba, ba ta ce a zauna ba. Ta dai ce in tafiyar ta tabbata, da buhun geronta da turminta za ta hau mota.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, masunta suka kewaye Ɗan Azumi a rumfar mai shayi. Yana ba su labarin kifin da ya kai tsawon ƙyauren ɗaki, da iskar teku mai ɗumi, da kwakwa da ake sha a bakin hanya. Ina wajen. Wani dattijo ya tambaya ko da gaske ne da Mahaman za a koma, kafin a amsa sai wani ya ce ai Mahaman ko an ɗaure shi a mota, goransa zai jawo shi ya dawo tun kafin Dosso. Aka yi dariya, Ɗan Azumi ma ya yi.

Kawu ya aje kofinsa a hankali.

"Gobe da safe ku zo gidan sarkin ruwa," ya ce. "Zan ba da goran."

Kowa a wurin ya san nauyin maganar. A wajen masuntanmu ba a sayar da gora, ba a kuma ba da aronsa. Ajiye shi ma ba ya yiwuwa, domin in ya daɗe bai taɓa ruwa ba tsagewa yake yi. Wanda zai bar ruwa sai ya miƙa shi ga wani a gaban sarkin ruwa, a shafa fatiha, daga ranar kuma ya fita hannunsa ke nan. Mutane sukan bar wannan sai kayansu na cikin mota. Kawu kuwa ko shawara bai gama yankewa ba.

Washegari ya ɗauko shi a ka. Sa'idu ya ba, ɗan baffansa, saurayi mai jini a jika wanda nasa goran ya fashe tun bara, yake bin kwalekwalen wani ana ba shi abin da aka ga dama. Sa'idu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Aka yi addu'a, aka raba dabino. Kawu ya dubi Ɗan Azumi ya ga ko yana kallo, yana kuwa kallo.

Saura 'yan kwanaki a tashi, ba shi da abin yi, sai ya dawo gindin shingena tun da sassafe. Da farko na ɗauka sallama yake yi da tafki. Ashe Sa'idu yake kallo. Ya ce yaron yana kwanciya gaba-gaba, zai fasa bakin goran. Ya ce dubi yadda yake watsa ƙafa kamar kwaɗo, duk kifin gari ya ji zuwansa. Da Sa'idu ya nufi wajen itatuwan nan da ruwa ya ci, Kawu ya miƙe tsaye ya kare ido da hannu, ya ce wa ya nuna masa wurin. Na ce ai shekara da shekaru yana ganin ka a can.

Ana jibi tafiya, wajen hantsi, muka ga Sa'idu yana kokawa da wani abu a tsakiyar ruwa. Ya daɗe kafin ya iso gaɓa, don kifin ya ƙi shiga bakin goran, sai janyo shi ya yi a gefe. Giwan ruwa ce, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Mata masu suyar kifi suka bar kaskonsu suka taru, kowace tana cewa ita ta riga tayawa. A cikin hayaniyar wata ta ce, ba kuma da mugun nufi ba, ashe goran nan bai tsufa ba, hutu yake so daga tsofaffin ƙafafu. Ba ta san Kawu na bayan shinge ba.

Sa'idu bai sayar da kifin duka ba. Ya sa aka yanki tsoka mai kyau ta wajen baya, ya kawo a faranti ya durƙusa.

"Yaya, ga naka. Albarkarka ce."

Kawu ya karɓa, ya sa masa albarka yadda ya kamata. Bayan Sa'idu ya tafi ya daɗe yana kallon farantin, ƙudaje na sauka yana kora.

"Sani," ya ce mini, "ka san wannan kifin na san shi? Tun bara nike bin shi. Sau biyu yana yaga mini raga."

Na ce Allah bai nufa nasa ba ne.

"Na sani. Amma duba mini. Ni ina can ina buɗe wa Ɗan Azumi ƙofa in ya shigo da mota, ina ce mishi sannu da zuwa. Nan kuma Sa'idu na bisa gorana, mata na rububin kifinshi. Can ɗan kallo, nan ko kallon ma ba ni samu."

Na tuna masa gwiwoyinsa da maganar likita. Ya ce gwiwa ai tasa ce, in ta yi ciwo shi kaɗai ke ji, ba ta hana shi barci kamar yadda wannan abin zai hana shi.

Da la'asar Ɗan Azumi ya biyo ta lambu ya ce a shirya kaya tun gobe. Kawu bai yi kwana-kwana ba, ya ce ya fasa. Ɗan Azumi ya zauna kan bokitina da na kifa, ya yi ta lallashinsa. Ya ce ba aikin bawa ya kira shi ba, amana ce, ba kowa zai ba makullin wurin ba. Ya ce ya dubi 'ya'yansa, ya dubi jikinsa.

"Na Ɗelu, sanyin ruwan nan zai naƙasa ka," in ji Ɗan Azumi.

"Kai ba ga shi zafi ya kumbura ka ba."

"Kuma ba ka da gora."

"Wannan matsalata ce."

Ɗan Azumi ya ce to shi ke nan, zai yi wa Ilyasu magana, maƙwabcin Kawu, wanda dama ya daɗe yana roƙonsa. Kawu ya ɗago kai da sauri.

"Wane Ilyasu? Wanda ke barci ana sallar Juma'a? Shi za ka ba tsaron motoci?"

"Ai ka ce ba ka so."

"Ba ni so. Amma Ilyasu da agogo, Allah ya kiyaye."

Ɗan Azumi ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, suka tafi masallaci tare suna gardama.

Labari bai kwana ba. Washegari da safe Sa'idu ya zo da goran a ka, ya sauke shi gaban Kawu, ya ce shi bai ga dalilin riƙe shi ba tunda mai shi na nan. Ya ce in don mutane ne, su koma wajen sarkin ruwa tare, shi zai yi bayani. Na ga hannun Kawu ya kai kan gefen nan mai sulɓi, ya shafa shi, ya daɗe bai ɗauke ba.

"An shafa fatiha," ya ce. "Ɗauki abinka. In na karɓa, duk kifin da na kama za a ce naka ne na ƙwace." Da Sa'idu ya sunkuya zai ɗauka sai ya ƙara da cewa, "Ka riƙa ja da baya kaɗan in ka hau. Ɗinkin da ke wajen baki ba ya son nauyi."

Ranar tafiya Kawu bai je rakiya ba. Daga lambu muka hango farar motar ta hau hanyar Maradi, Ilyasu a gaba ya fito da gwiwar hannu ta taga, Kawu ya bi ta da ido har itatuwa suka rufe ta. Ya ce da gani hular da ke kan Ilyasu ta aro ce. Daga nan ya juya wajen tafki, inda Sa'idu ya riga ya yi nisa, ya kalle shi shi ma.

Sai ya tambaye ni ko na san Ɗan Baba na Safo, mai shukar duma. An ce masa yana da manyan goruna na bara a rataye, ko da yake sabon gora sai an jiƙa shi, an kwashe cikinsa, an bar shi ya bushe a inuwa, kuma ba ya zama daidai ƙirjin mutum sai an sha wuya da shi. Na ce ya bari gobe in raka shi. Ya ce a'a, in ya jira gobe wani zai riga shi zaɓen mai kyau.

Ya naɗe ragarsa ya rataya mini a shinge, ya ce kada in bar awaki su taɓa. Ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwar hagu ta yi ƙara, ya ɗan tsaya har ta saki. Sannan ya bi ta tsakanin lambuna ya nufi bakin kasuwa, inda amalanken Safo ke tsayawa.