Yabon da Aka Yi wa Malama Huseina

Malama Huseina 'yar Kurfi ce, ɗiyar wani tela da ke ɗinki a bakin kasuwa. Aure ya kawo ta Dutsin-Ma, inda ta yi shekara da shekaru tana koyar da 'yan aji uku. Ba ta da yawan magana, amma da wuya yaro ya bi ta hannunta ya fita bai iya haɗa baƙi ba. Furfura ta fara fito mata lokacin da aka ba ta shugabancin wata firamare a wani ƙauye ta wajen Karofi. Mijinta Malam Rilwanu, mai sayar da kayan gyaran babur, ya yanka zakara, maƙwabta suka shigo barka.

Ranar da ta kama aiki ta tarar da malamai uku da ajujuwa huɗu, ɗaya iska ta yaye rufinsa. Ta shiga wurin 'yan aji shida ta rubuta jimla a allo, ta ce a karanta. Yara suka zuba mata ido. Waɗanda suka iya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Nan ta ƙudura a ranta cewa da karatun yaran nan za ta auna kanta in shekara ta zagayo.

Sai ta bar zaman ofis, ta raba yaran gwargwadon abin da kowa ya iya. Malam Ya'u, wanda ya fi kowa daɗewa a makarantar kuma ya sa ran shi za a naɗa, ya ce mata, "Hajiya, yaran ga mun san su. Ruwa na sauka gonar wake za ta kwashe su."

"To mu yi abin da za mu iya kafin ya sauka," in ji ta.

Da fari abin ya yi kyau. Akwai wata yarinya Zinariya, ɗiyar makiyaya, wadda ta zo ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Kafin ƙarshen zango na biyu ta miƙe gaban aji ta karanta shafi guda, tana tuntuɓe amma ba ta tsaya ba. A ranar nan Malama Huseina ta koma gida da fara'ar da mijinta ya daɗe bai gani ba.

Ana cikin haka 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan yamma. Mutane suka riƙa shigowa da tabarmi da tukwane a ka, kowa ya raɓe gidan dangi. Iyaye mata suka riƙa kawo yara makaranta, ita kuwa ba ta iya cewa a'a. Benci ya ƙare, aka koma zaman ƙasa, har gindin darbejiya ya zama aji. Tsarin karatun da ta kafa ya wargaje. Yini take tana rabon faɗa da neman ruwan sha. In salansar babur ta yi ƙara a hanya, sai ta ga sababbin yaran sun kwanta rub da ciki suna zaton harbi ne, ta bi su ɗaya ɗaya tana lallashi.

A taron shugabannin makarantu a Dutsin-Ma, Alhaji Lado mai duba makarantu ya kira sunanta. Ya ce babu makarantar da ɗalibanta suka ƙaru kamar tata, a yi koyi da ita. Aka tafa mata. Tana tsaye, kunya ta rufe ta kamar an kama ta da kayan wani.

Bayan an tashi ta same shi. "Ranka ya daɗe, ba ni na kawo su ba. Gudowa suka yi. Kuma karatu ya tsaya."

Ya ce, "Na sani, Malama. Amma wasu sun rufe ƙofa, ke kin buɗe. Mu kuma daga sama yawan yara ake tambayarmu." Ta roƙi ƙarin malamai, ya ce a yi haƙuri.

Ba a daɗe ba aka kore shanun mahaifin Zinariya. Uwarta ta zo har makaranta sallama, ta ce za su koma wurin danginsu ta wajen Maraɗi.

"Inna, can akwai makaranta?" Malama Huseina ta tambaya.

"Wallahi ban sani ba, Malama. Mu dai mu tsira da rai."

A ƙarshen shekara ta gwada yaran. Masu karatu sun ɗan ƙaru, sai dai da yawa cikin waɗanda ta sha wahala a kansu sun bar garin. Ta kasa gane ko ci gaba ta yi ko baya. Ciwon kai ya matsa mata, a asibiti aka ce jininta ya hau. Malam Rilwanu ya ce, "Ki nemi a maido ki cikin gari, ki riƙe ajinki kamar da. Mi kika samu a kujerar ga?" Ta ce za ta yi tunani, har yau ba ta ba shi amsa ba.

Da aka dawo daga hutu, ɗan kabu-kabu ya sauke ta bakin makaranta, ta tarar da wata mata da goyo, riƙe da yara biyu ba takalmi.

"Malama, akwai wuri?"

Babu wurin. Ta ce su shigo, ta tsaya tana duban ajujuwan, tana tunanin inda za ta cusa su.