Ƙiryar Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Ɗanzomo ya san ba a faɗin ciwo a gabansa. Kana cewa haƙori, kafin ka rufe baki ya zura hannu aljihu ya fito da ɓawon ƙirya. Gyambo, ƙirya. Murɗar ciki, ƙirya. Ni 'yar ƙanwarsa ce, na sha jiƙon nan har ɗacinsa ya zauna min a harshe. Ranar da na kai masa ƙarar mijina ba ya zaman gida, da idona na ga hannunsa ya nufi aljihu.

"Ke Talatu, wannan ba na ƙirya ba ne," ya ce. "Amma tauna, kya rage magana."

Ƙiryar kuwa guda ɗaya ce, a bakin gonarsa. Sauran na karkarar duk an ƙone su gawayi ko an sassaƙa turame. Wani mai gawayi ya taɓa zuwa daga Maigatari da gatarinsa, ya tarar da Kawu ya jingina da ita.

"Baba, itacen nan fa ya tsufa."

"Ni ma na tsufa. Fara da ni, gawayina zai fi daɗewa a wuta."

Mutumin ya saɓa gatarinsa ya koma.

Amma wanda ya kusa kashe ƙiryar ba mai gatari ba ne, bakin Kawu ne. Ba kasuwar da bai yabe ta ba, daga Gagarawa har Gumel. Shi idan zai ɗiba, siririn ɓawo yake yanka ta gefe ɗaya, ya shafe wurin da laka. Waɗanda suka ji talla kuwa suka riƙa zuwa a bayan idonsa, kowa ya ɓantari son ransa. Wata shekara ya kwanta zazzaɓi, da ya tashi ya tarar an feɗe ta kewaye. Ɓawon da ya rage tsakanin saiwa da rassa bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma idan wannan ya tafi, itacen ya mutu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma na ji tausayinsa ƙwarai.

Da safe ya shafe ta da laka, ya kewaye ta da ƙaya, sannan ya sauya baki. Wani maƙwabcinsa ya zo da kumburarren kunci yana neman ɓawo.

"Ƙirya? Wa ya ce maka tana maganin haƙori?"

"Kai mana, Malam Ilu. Shekara da shekaru kana faɗa."

"Ƙuruciya ce. Je ka nemi bagaruwa, ga ta nan ko'ina."

A lokacin ko baƙin gashi ɗaya babu a gemunsa. Da liman ya kira shi gefe ya ce bai kamata dattijo ya yi baki biyu ba, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni baki ɗaya gare ni. Mai maganin ce take jinya, kuma ba a ta da majinyaci aiki."

Daga nan ya ɗaura aniyar sama mata 'ya'ya. Ya shuka iri, ya ƙi tsira, don ƙwayar ƙirya tauri gare ta. Can ya lura a makwancin shanu take fitowa da kanta, sai ta bi ta cikin saniya take laushi. Shi ke nan, ya tara kwanson 'ya'yan ya kai wa shanun Jauro Bello, wani makiyayi da ke sauka a gonarsa da rani, ya riƙa bin garken da tsohon kwano yana kwasar kashinsu. Mu danginsa kunya kamar mu nutse.

"Malam Ilu," in ji Jauro, "mu fa nono aka san mu da shi."

"Riƙe nononka, Jauro. Ni abin da kuke zubarwa nake so."

Ya zuba kashin a gonarsa, ƙwayoyin suka tsiro, amma awaki sun cinye yawancin tsiron. 'Yan kaɗan suka tsira, waɗanda ya kife da tsofaffin kwanduna.

Da ciwon ajali ya zo masa a ƙirji, matarsa Inna Hajjo ta ga ya ƙi duk abin da aka jiƙa, ta ce a je a ɗan ɓanto masa ƙiryarsa, ko zai sha. Mutumin da allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba ya buɗe ido ya ce, "Ku kai ni asibiti Gumel."

"Ku, Malam? Asibiti?"

"Ni na ci zamanina, Hajjo. Ita kuwa aka ƙara mata yanka ɗaya ta tafi."

Ya sha alluransa bai ko yamutsa fuska ba, kullum tambayarsa ko an gyara ƙayar nan. A can Allah ya karɓi abinsa.

Da ruwan farko ya sauka na je gonar. Sabon ɓawo ya fara rufe bakin raunin, ganye ya fito shar, ƙananan kuma sun kai min gwiwa. Na zauna a gindinta na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya bar mana inuwa, Allah ya sa shi a inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa.